Wa Ke Ɗauko Hoton Da Ke Shafin Farko?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na Nima da Mamobi, na Fadama da Sabon Zango da Madina, da duk inda muryarmu ta kai. Barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau a kan hoton jarida ne. Na san wani zai ce ina ruwan mai rediyo da hoto, shi da ko fuskarsa ba a gani. To, yanzu ana gani. Gidajen rediyon Akra da yawa sun kafa kyamara a ɗakin watsa shiri, ana kallonsu kai tsaye a Facebook, don haka maganar ta shafe mu.

A ranar 30 ga watan Mayu na 2013, jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta tara masu ɗaukar mata hoto, su 28, ta sallame su duka a zama ɗaya. Cikinsu har da John H. White, wanda ya ci lambar Pulitzer a 1982, lambar da babu kamarta a aikin jaridar ƙasar, ya kuma yi wa gidan aiki fiye da shekara 30. Hujjar masu jaridar ita ce, masu karatu yanzu bidiyo suke so. Sai aka ce wakilai masu rubutu su zo a koya musu ɗaukar hoto da iPhone. Ba a cika wata guda ba, ƙungiyar hoki ta garin ta ci kofi, mutane suka jera shafin farkon Sun-Times kusa da na kishiyarta Chicago Tribune, wadda ke da masu hotonta, bambancin ya zama abin tsokana a intanet. Daga baya, da ƙungiyar ma'aikata ta matsa, aka mayar da mutum huɗu.

Ba Chicago kaɗai ba ce. Alƙaluman da cibiyar bincike ta Pew ta wallafa a waccan shekarar sun nuna cewa masu hoto da zane da bidiyo a jaridun Amurka sun ragu daga 6,171 a shekarar 2000 zuwa 3,493 a 2012, wato kashi 43 cikin 100 sun tafi. A watan Janairun 2015 mujallar wasanni ta Sports Illustrated, wadda hoto ne ya yi mata suna, ta sallami mutum shida na ƙarshe da suka rage mata. A Faransa kuwa, jaridar Libération ta fito ranar 14 ga Nuwamba 2013 ba hoto ko ɗaya, sai fararen gurabe a inda ya kamata hotuna su zauna, don mai karatu ya ga giɓin da idonsa.

A nan Ghana ba mu ji an tara mutane an kore su rana ɗaya ba. Namu a hankali yake tafiya, ba hayaniya. Manyan jaridu irin su Daily Graphic da Ghanaian Times har yanzu suna da masu kyamara. Amma ka leƙa kowane taron manema labarai a garin nan ka ga yadda aikin ya koma. Yaro ɗaya ko yarinya ɗaya, waya a hannu, da ita zai naɗi murya, da ita zai ɗauki hoto, da ita zai yanki bidiyon minti guda ya tura wa edita ta WhatsApp kafin minista ya sauka daga mumbari, sannan ya shiga tirotiro, ƙaramar motar haya, yana rubuta labarin a kan cinyarsa. Aikin mutum uku ne, albashi kuma na mutum ɗaya, in ma ana biya a kan kari.

Ba zan tsaya ina zagin masu jaridu ba, domin matsin da suke ciki na gaske ne. Talla ta gudu ta koma Google da Facebook. Takardar da ake buga jarida da dala ake shigo da ita, kuma kowa ya ga yadda darajar sidi, kuɗin ƙasar nan, ta faɗi a 2022. Masu buga jaridu sun daɗe suna kukan cewa bitar jaridu da gidajen rediyo ke yi da sassafe ta hana mutane saye, tunda kafin ƙarfe takwas an karanto musu komai kyauta. Duk wanda ke zaune a kujerar mai jarida, in an ce ya rage kashe kuɗi, idonsa zai faɗa kan mai kyamara, saboda kayan aikinsa tsada gare su, kuma a ganin akanta wayar aljihu ta isa.

Wayar ma a ba ta haƙƙinta. A ranar 25 ga Mayu 2020, yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ita ta riƙe waya ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a Minneapolis. Babu ƙwararre a wurin, kuma ba don wannan bidiyon ba, da bayanin 'yan sanda duniya za ta tafi. A nan gida, rikicin zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso West Wuogon da ke Akra a ranar 31 ga Janairu 2019, bidiyo ne ya sa ba wanda ya iya musun abin da ya faru, har aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Emile Short. Gobarar kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025 da tsakar dare ta tashi, kuma kafin wata jarida ta fito, wayoyin jama'a sun riga sun nuna wa ƙasa girman ɓarnar. Mu mutanen Zango ma mun fi kowa cin moriyar wannan sauyi. Shekara da shekaru, kyamarar jarida ba ta cika shigowa Nima ba sai in an yi gobara, ko faɗan 'yan siyasa, ko ana neman hoton kwata. Yau yaranmu da kansu suke nuna maulidinmu, da saukar karatu, da aikin gayya, da 'yarmu da ta gama karatun likita. Ba na fatan a koma baya ko da taki ɗaya.

Amma jama'a, ga inda nake so mu tsaya. Ana ta cewa waya ta maye gurbin mai hoton jarida. Ni ina ganin ba ita ta maye gurbinsa ba. Waya tana kama abin da ya faɗo a gaban mutum bagatatan: haɗari, gobara, duka. Mafi yawan abin da ke cika jarida kuwa ba irin wannan ba ne. Taro ne, da ziyarar aiki, da buɗe asibiti, da gangamin siyasa. A irin waɗannan wurare, in jarida ba ta aika nata mutum ba, daga ina hoton ke zuwa? Daga ofishin mai taron. Yau da wuya ka ga babban ɗan siyasa ko shugaban ma'aikata da ba ya yawo da mai hotonsa, ƙwararre, da kyamara mai tsada, wani lokaci ma tsohon ɗan jarida ne da yunwa ta kore shi daga sana'ar. Ana tashi daga taro, kafin wakili ya isa ofis, an riga an zubo hotuna masu kyau a zauren WhatsApp na 'yan jarida. Edita ga nasa hoton waya mai duhu, an ɗauko daga bayan kawunan mutane, ga kuma na ofishin mai girma, tsaf, kyauta. Wanne zai ɗauka?

To wanda ake biya don ya fito da maigidansa da kyau, ba zai juya kyamara ya ɗauki kujerun da ba kowa ba. Ba zai ɗauki matan da aka tsare a bakin ƙofa da kwalaye a hannu ba. Ba zai bi ta bayan ginin da aka yi wa fenti jiya ya nuna ɗakin da ba a saka wa ko gado ɗaya ba. Ba ƙarya ya yi ba, kusurwa kawai ya zaɓa, kuma aikinsa ke nan. Laifin yana kan jaridar da ta buga hoton ba ta gaya maka wa ya ba ta ba. Mun daɗe muna maganar soli, kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan jarida a ambulan bayan taro. Hoton kyauta ɗan'uwan soli ne, sai dai shi ba a jin kunyarsa.

Wannan ma ba a nan ya fara ba. A watan Nuwamba na 2013, kafofin labarai fiye da 30 a Amurka sun rubuta wa fadar White House ta zamanin Obama takardar koke, cewa ana hana masu hotonsu shiga wasu tarukan, sannan a raba musu hotunan da mai hoton fadar ya ɗauka. Su can sun yi faɗa a kan a bar su su shiga. Mu nan ƙofa a buɗe take, wanda za a aika ne ke ƙaranci.

Sai maganar iyawa. Kowane gida akwai wuƙa, amma ba kowa ne mahauci ba. Je filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi da dare ka gwada kama lokacin da ƙwallo ke shiga raga da waya daga bakin layi, ka ga abin da za ka samu. Kuma ba dogon gilashin kyamara kaɗai ba ne. Mai hoton jarida ya san inda zai tsaya tun kafin abu ya faru, ya san ya jira awa biyu don daƙiƙa ɗaya. Wakilin da ke sauraron jawabi yana rubutawa ba shi da wannan sararin, kunnensa na kan mumbari, ba zai ga abin da ke faruwa a bayan zaure ba.

Abin da ya fi iyawa nauyi kuwa shi ne suna. Hoton ƙwararre da sunansa yake fita, da wuri, da rana, kuma in ya yi maguɗi akwai wanda za a kama. A 2006 kamfanin Reuters ya gano cewa wani mai yi masa aiki a Labanon ya ƙara hayaƙi da kwamfuta a hoton harin Beirut. Nan take suka raba gari da shi, suka kwashe hotunansa sama da 900 daga rumbunsu. Hoton da aka turo maka a WhatsApp, an tura an sake turawa, wa za ka kama? Kowace damina sai mun ga hoton ambaliyar wata shekara, ko ta wata ƙasa, ana cewa unguwar Alajo ce ta nan Akra yau da safe. A da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu da manhaja ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, ganin ma sai ya kawo shaida.

Akwai kuma sutura, wadda mu Musulmi ba ma wasa da ita. Da jirgin sama mai saukar ungulu ya faɗi a yankin Adansi ranar 6 ga Agusta 2025, mutum takwas suka rasu, cikinsu da ministoci biyu, Edward Omane Boamah da Ibrahim Murtala Mohammed, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, bidiyon wurin ya yi ta yawo a wayoyi ba tacewa, alhali iyalai suna cikin wannan ruɗani. A gidan jarida na kirki akwai editan hoto, aikinsa ya ce wannan a buga, wannan a rufa masa asiri. Hannun da ke tura bidiyo a zauren unguwa ba shi da mai ce masa bari, kuma abin takaici, wasu shafukan labarai yanzu bin sahun zauren unguwar suke yi.

Ina so kuma mu tuna da James Barnor. An haife shi a nan Akra a 1929, ya zama mai hoton Daily Graphic tun kafa ta a 1950, ya buɗe shagonsa Ever Young a Jamestown, ya yi wa mujallar Drum aiki. A unguwar dai Felicia Abban ta buɗe nata shagon, har ta riƙa ɗaukar Nkrumah. Hotunan Barnor na Akra kafin 'yanci da bayansa suna nan, an nuna su a Landan a 2021, saboda ya adana fim ɗinsa shekara da shekaru. Yaron da aka haifa bana zai san kamannin daren 6 ga Maris 1957, daren samun 'yancin Ghana, a tsohon filin Polo, Nkrumah da abokansa sanye da batakari, domin akwai waɗanda aikinsu ne su ɗauka, su rubuta rana, su ajiye. Bala'in turmutsutsun filin wasa na Akra na 9 ga Mayu 2001, wanda ya ci rayuka fiye da 120, da yawansu 'ya'yan unguwanninmu, a rumbun jaridu da talabijin za ka nemi hotonsa. To hotunan da muke ɗauka yau fa? Wayar ta faɗa ruwa, ko an fizge ta a cunkoson shataletalen Circle, ko ta cika an goge, ko an rufe shafin. Ba a taɓa ɗaukar Zango hoto kamar a zamanin nan ba, amma ban ga inda ake tara shi da rana da sunaye ba. Ƙwararrun da za su iya kuwa, da yawa sun koma biki da suna da jana'izar Asabar, kuma ban ga laifinsu ba, can ake biya.

Ba na roƙon masu jaridu su ɗauki ma'aikatan da ba za su iya biya ba. Abin da nake nema ba ya cin ko sidi ɗaya. Manyan kamfanonin dillancin labarai, in ofishi ya ba su hoto, sukan rubuta a ƙasansa cewa daga ofishin wane ya fito. Jaridunmu da shafukan labaranmu su yi haka: in na fadar shugaban ƙasa ne a rubuta, in na jam'iyya ne a rubuta, in na wani mai wucewa ne a nemi izninsa, a sa sunansa, a ba shi ɗan abin da ya samu. Ƙungiyar 'yan jarida ta GJA da Hukumar Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa suna da bakin da za su mayar da wannan ƙa'ida. Ofishin Babban Limamin Ƙasa da majalisun sarakunan Zango kuwa, su ware ko da na'urar ajiya ɗaya da matashi ɗaya mai amana, a riƙa karɓar hotunan Sallah da maulidi da naɗin sarauta daga masu ɗauka, ana rubuta rana da wuri da sunan waɗanda ke ciki, tun dattawan da za su iya gane fuskoki suna raye.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa.