Wa Ya Fara Rubutu, Kuma Don Me?

Akwai wani ɗan allon yumɓu mai rubutu, ko tafin hannu bai cika ba. A Uruk aka tono shi, kudancin Iraƙi ta yau, kuma ya haura shekara 5,000. Yawancin irinsa lissafi ne kawai: sha'ir nawa ya shigo rumbu, tumaki nawa aka fitar.

An daɗe ana cewa zane ne ya haifi rubutu. A zana kan bijimi, a zana kifi, a hankali zanen ya koma alama. Sai Denise Schmandt-Besserat, masaniya haifaffiyar Faransa, ta bi gidajen tarihi tana nazarin wasu 'yan mulmulallun yumɓu da aka tara ba a san amfaninsu ba. Ta ce ai da su ake ƙirga dukiya. Akan zuba su cikin ƙwallon laka a liƙe, sannan a danna siffarsu a bayansa, don a san abin da ke ciki ba sai an fasa ba. To tunda alamar tana waje, me za a yi da na cikin? Sai ƙwallo ya baje ya zama allo. Babbar hujjarta ita ce alamar tunkiya, da'ira ce da gicciye a tsakiya. Ina kamannin tunkiya a nan? Ni wannan hujja ta kama ni ƙwarai. Amma masana da dama a kan lambobi kaɗai suka yarda da ita, suna ganin sauran alamomin ba duka daga nan suka fito ba.

Gardama ta biyu: sau nawa aka ƙirƙiro rubutu? A 1952 masanin tarihin rubutu Ignace Gelb ya ce sau ɗaya, sauran duk koyi suka yi. Amma a 1988 masanin kayan tarihi Günter Dreyer ya buɗe wani kabari a Abydos ta Masar, ya tarar da 'yan alluna na ƙashi da hauren giwa masu alamomi, kusan sa'annin na Uruk. Mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya kuwa teku ya raba su da kowa, kuma sun yi nasu.

Su ma Sinawa suna da nasu: a Anyang ta ƙasar Sin, wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kan ƙoƙon kunkuru da allon kafaɗar bijimi ake rubutu. A gasa ƙashin har ya tsage, a duba tsagar, a sassaƙa tambayar sarki a gefe: za a yi ruwa? Wane kaka ne ya sa masa ciwon haƙori?