Me Ya Sa Ake Wulaƙanta Mai Neman Aiki?

Ƙarfe takwas na safe aka ce ya zo. Tun bakwai da rabi yana bakin ofis, rigarsa a goge, riƙe da ambulan ruwan ƙasa mai ɗauke da kwafin digiri da takardar kammala hidimar ƙasa. Kuɗin motar ma rance ya ci. Aka nuna masa benci. Aka kira azahar, oga bai iso ba. Wajen la'asar sakatare ya leƙo ya ce, "Ku yi haƙuri, ku dawo gobe."

Jama'a, wanda duk ya taɓa neman aiki a Najeriya ya san wannan benci.

To ko an shiga ciki ma, me ake tararwa? Mai intabiyu yana latsa waya, bai ko buɗe takardun ba. Tambayar farko: "Wa ya turo ka?" In mace ce, sai a koma kan aure da haihuwa, wani lokacin har a ce ta zo otal da daddare a ƙarasa magana. Wannan cin zarafi ne tsagwaronsa, kuma duk wadda aka faɗa wa haka kada ta je. A ƙarshe kuma a sallami mutum da "za mu kira ka". Wata uku, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. Mun ga inda wannan hali yake kaiwa. Ranar Asabar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta ƙasa ta tara masu neman aiki a filayen wasa a faɗin Najeriya domin jarrabawa. Guraben ba su kai 5,000 ba, amma fiye da mutum 500,000 suka nema, kuma kowannensu sai da ya biya naira 1,000. Matasa suka yi dafifi cikin fararen riguna tun da asuba, aka yi turereniya a bakin ƙofofi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Aƙalla mutum 15 suka rasu. Shugaba Goodluck Jonathan ya soke jarrabawar, sannan a 2016 EFCC ta gurfanar da ministan cikin gida na wancan lokaci, Abba Moro, a kotu kan kuɗin da aka karɓa. Abin da ya fi ci min rai shi ne, adadin waɗanda suka biya kuɗi yana rubuce. An san yawan masu zuwa tun kafin ranar.

Alhali akwai ƙa'ida. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ta tanadi cewa ma'aikatar gwamnatin tarayya da za ta ɗauki ma'aikata ta tallata guraben a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta ba mutane mako shida su nema. Sai dai ma'aikatu da yawa kan nemo izinin tsallake tallan, a raba guraben a ɓoye. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, inda aka ji shaidu suna bayyana yadda suka tura kuɗi don a ba su takardar kama aiki.

Shi ya sa wani lokacin intabiyun da aka kira ka, an riga an ba ɗan wani gurbin, kai don cika ƙa'ida kawai aka kira ka.

Saboda haka idan an gayyace ka, ka tambayi sunan muƙamin da adireshin ofis da wanda za ka gani, ka nemi a turo maka a rubuce. Aka ce ka biya kuɗin fom ko na "gyara suna", tsaya nan. In wurin baƙo ne, ka sanar da wani a gida inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa.

Ku kuma masu ɗaukar aiki, in ba ku ɗauki mutum ba, ku tura masa saƙon tes na layi biyu. Akwai wanda ya ƙi karɓar wani aikin yana jiran kiranku.