Kafin Ka Miƙa Makullin Tsohuwar Motarka Kyauta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Shugaba, malamanmu Allah ya gafarta muku, dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa da suka taso daga Bronx da Harlem da Brooklyn, da waɗanda suka tsallako daga New Jersey, barkanku da zuwa.

Kwamitin walwala ne ya nemi a yi wannan bayani, domin kusan kullum akwai mai cewa yana da tsohuwar mota zai ba ɗan uwa sabon zuwa, ko masallaci, ko ya aika gida. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Sai dai a jihar New York, miƙa makulli ba ya raba ka da mota. Muddin sunanka yana kan takardunta, taka ce a wurin hukuma, ko da ta shekara a ƙofar gidan wani. Yawancin rigimar da ke biyo bayan irin wannan kyauta daga nan take tasowa.

Amma bari mu fara da ita motar. Ta cancanci a ba mutum kuwa? A aya ta 267 ta Suratul Baƙara an hana mu zaɓen lalataccen abu mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Don haka kafin ka yi wa kowa alkawari, kai ta gareji a ɗaga ta sama a duba ƙarƙashinta. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara shi ke kashe motocin wannan yanki, kuma daga ƙasa yake ci. Fenti na iya ƙyalli alhali bututun man birki ya yi tsatsa har ya kusa ɓulewa. Ka ce wa bakanike ya bi bututun birki da na fetur tun daga gaba har baya, ya ƙwanƙwasa shasi da ƙarfen da ke riƙe da inji da ƙafafun gaba. In sukundireba ya shige cikin ƙarfen, magana ta ƙare: wannan ba motar da za a ɗora iyali a ciki ba ce.

In ƙasa lafiya, a koma inji. Buɗe murfin baƙin mai, ka kuma zaro sandar awo. In ka ga man ya koma ruwan ƙasa mai kauri kamar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, ko ruwan lagireto na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, to da alama gaskit ɗin kan inji ya ƙone, kuma a tsohuwar mota kuɗin aikin kan wuce darajarta. Man giya ya zama ja mai haske. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko motar tana jinkiri ko fizga kafin ta shiga giya, giyar na kan hanyar mutuwa. Ka kuma bincika ko injin bel yake amfani da shi wajen daidaita tafiyarsa ko sarƙa. In bel ne, yawanci ana canza shi tsakanin mil 60,000 zuwa 100,000, kuma a injuna da yawa in ya tsinke a kan hanya yakan lanƙwasa bawul, inji ya tashi aiki. Wanda za ka ba shi yana da haƙƙin ya san yaushe aka canza shi.

Taya kuwa, dubi gefenta, akwai rubutun da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tayar da ta kai shekara 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, roba ce, tana bushewa ta tsattsage.

Sai fitilar nan mai hoton inji da ke kan allon direba. In tana kunne, motar ba za ta ci gwajin shekara ba, kuma da zarar mota ta canza mai ita dole a sake gwajin. Kwana 10 kawai ake ba sabon mai ita. Wasu kan cire kan batir don fitilar ta mutu. Wannan ba ya aiki, domin duk motar da aka ƙera daga 1996 tana da kwamfutar da ake jona wa na'urar gwaji, kuma za ta nuna cewa an goge bayananta. Bayan an ɗan yi tafiya fitilar ta dawo. Ban da haka, yaudara ce ga wanda kake cewa kana taimako. A sa na'ura a karanta lambar matsalar. In ta nuna P0420, sau da yawa tukunyar tace hayaƙi ce ta gaji, kuma tana cikin kayan mota masu tsada. Ko ka gyara, ko ka faɗa masa ƙarara.

Abu ɗaya da ba ya cin ko sisi: ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka shigar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko kamfani ya kira motar gyara. Miliyoyin motoci na shekarun 2000 zuwa sama suna ɗauke da jakar iska ta kamfanin Takata, wadda kan fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba, ta kuma kashe mutane a ƙasar nan. Dila kyauta yake canza ta.

To, mota ta ci jarrabawa. Yanzu takardu, kuma a nan nake roƙon a saurara da kyau.

Takardar mallaka, wato taitul, ita ce motar a idon doka. In ta ɓata, nemi wata a ofishin DMV, wato hukumar rajistar motoci ta jiha, da fom MV-902 tun kafin ka yi maganar kyauta. In ka taɓa cin bashin banki a kan motar, sunan bankin yana nan a jiki ko da ka gama biya, sai ka karɓo takardar da ke nuna sun sake ta, ta asali ba kwafi ba. A bayan taitul ka rubuta cikakken sunan wanda za ka ba, da adireshinsa, da kwanan wata, ka sa hannu. Motar 2011 zuwa sama dole a rubuta mil nawa ta yi. Kada ka goge, kada ka kankare, kada ka shafa farin ruwan gyaran rubutu, domin yin haka na ɓata takardar. Kada kuma ka sa hannu ka bar gurbin suna fanko wai shi zai cike daga baya. Takarda irin wannan kan yi yawo daga hannu zuwa hannu, mutum uku su hau motar, kai kuwa kana nan a matsayin mai ita. Ku cike takardar ciniki MV-912 ku rubuta cewa kyauta ce, kowa ya riƙe kwafi. Sai fom DTF-802 na harajin saye. Harajin birnin New York kashi 8.875 cikin 100 ne. Kyauta ta gaskiya ba a biya mata, amma in wanda ka ba ba matarka ko mijinki ko iyaye ko 'ya'ya ba ne, akwai sashen da kai mai bayarwa za ka cike ka sa hannu. Ɗan garinku da kuke kiran juna wa da ƙane, a wurin DMV bare ne.

Daga nan ka kwance lambobinka gaba da baya, ka kankare takardar rajista daga gilashi, ka cire na'urar E-ZPass ta biyan kuɗin gada da hanya. Kada kunya ta sa ka ce ya ci gaba da hawa da lambarka kafin ya samu tasa. Sashe na 388 na dokar motoci ta jihar nan ya ce mai mota yana ɗaukar alhakin ɓarnar da wanda ya ba izinin tuƙi ya yi. In ya buge mutum, har da kai za a kai ƙara, kuma in diyyar ta wuce abin da inshorarka ke biya, dukiyarka za a bi. Tarar kowace kyamarar gudu ta birni dala 50 ce, kuma gidanka wasiƙar za ta zo. In tarar fakin da ta kyamara da aka yanke wa hukunci ta haura dala 350, birni na iya ɗaure tayar motar da ke kan sunanka, har da sabuwar da kake neman abinci da ita.

Ga kuma tarkon da ya fi kama mutanenmu: jerin aikin. Lamba ake fara mayarwa DMV, a karɓi rasit FS-6, sannan a soke inshora. In ka fara soke inshora, kamfanin zai sanar da DMV ta kwamfuta, a ɗauka kana da mota mai rajista ba inshora. Sai a dakatar da rajistar, ko ka biya dala 8 a kowace rana a kwana 30 na farko, 10 a na biyu, 12 a na uku. In ya wuce kwana 90, lasin tuƙinka ma a dakatar. Ga mai tasi ko Uber, ba sai na faɗi abin da hakan ke nufi ba.

Ku duba halin mai karɓa ma. Yana da lasi? Ya tambayi kuɗin inshora? Sabon direba a Bronx na iya biyan inshorar shekara da ta fi kuɗin motar. Yana da inda zai ajiye ta, ko zai riƙa tashi yana kawar da ita ranakun sharar titi? A tambaye shi waɗannan tun kafin a yi alkawari a gaban jama'a, domin ɗan uwa ba zai iya cewa ba ya so ba.

Sai masu son ba wa ƙungiyar agaji don samun rangwamen haraji. Kyautar da ka yi wa mutum, komai talaucinsa, ba ta da rangwame. Haka ƙungiyar da ke gida Najeriya ko Nijar ko Gana. Sai ƙungiyar da hukumar haraji ta IRS ta amince da ita a ƙarƙashin sashe 501(c)(3), kuma ana iya duba sunanta a shafinsu. Masallatai na cikin wannan rukuni. Tun 2005 doka ta canza: in ƙungiya ta sayar da motar sama da dala 500, abin da aka sayar da ita kaɗai za ka rubuta, ba abin da kake ganin ta kai ba. Za su aiko maka fom 1098-C cikin kwana 30 da sayarwa, ka haɗa da fom 8283. Ana yarda da cikakkiyar darajar kasuwa ne kawai in ƙungiyar za ta yi aiki da motar sosai, ko ta yi mata babban gyara, ko ta ba mabuƙaci kyauta ko da rahusa mai yawa. Sannan duk wannan ba ya amfani sai ga mai jera abubuwan rangwamensa ɗaya bayan ɗaya. A 2024 rangwamen bai ɗaya dala 14,600 ne ga mutum guda, 29,200 ga ma'aurata, kuma yawancinmu shi muke ɗauka. Ko wanda ya jera, in an sayar da motarsa dala 800 yana matakin kashi 12, abin da zai rage masa bai wuce dala 96 ba.

Masu tallar nan a rediyo da ke cewa a kawo mota su ɗauka kyauta, da yawansu kamfanoni ne 'yan tsakiya. Su ja ta zuwa gwanjo, su cire kuɗin janwe da na talla da nasu, ragowar ta isa ƙungiyar. Ka tambaye su kashi nawa ke isa, su ba ka a rubuce. A ganina, in masallaci kake nufi da alheri, ka sayar da motar da kanka ka kai musu kuɗin da rasit. Ya fi yawa, kuma ba ka ɗora wa liman da kwamiti neman wurin ajiye mota ba.

Aikawa gida kuwa, a yi lissafi da biro. Kwastan na Amurka na son ganin taitul na asali aƙalla awa 72 kafin a loda. Jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita yana son mota mai tashi. Ga kuɗin jirgi daga Newark zuwa Legas ko Kwatano ko Lome ko Tema, ga kuɗin fito, ga na kai ta Kano ko Yamai ko Kumasi. Gana na ɗora tara a kan motar da ta haura shekara 10, Najeriya ma tana da iyakar shekaru, a tambayi wakilin fito kafin a biya jirgi. Kuɗin jirgi bai san tsohuwa da sabuwa ba, don haka motar dala 1,500 ba ta cancanci wannan tafiya ba. A aika musu kuɗin su saya a can.

Wadda ta faɗi jarrabawar gareji, hanyarta ɗaya: masu farfasa motoci da ke da rajistar DMV. Kira wurare uku ka ji farashi, domin tukunyar tace hayaƙi kaɗai tana ɗauke da ƙarafa masu tsada. Su ma ka sa musu hannu a taitul da sunan kamfaninsu, ka karɓi rasit, ka cire lambarka kafin janwe ya tafi. Kada a cire lamba a yar da mota a bakin titi. Lambar shasi za ta kai su ga mai ita.

Malamanmu za su ƙara bayani, amma motar mamaci gado ce. Ba a ba masallaci ita da sunan sadaka gare shi sai magada sun yarda, kuma in akwai marayu ƙanana, ba mai ikon kyautar da rabonsu.

Abin da kwamiti ke nema, ranka ya daɗe Shugaba, shi ne a amince a buɗe rajista wurin sakatare: mai mota ya rubuta irinta da shekararta da abin da bakanike ya gani, mai buƙata ya rubuta ko yana da lasi da kuɗin inshora. Ranar miƙawa mutum biyu daga kwamiti su zama shaida, a ga rasit FS-6 da ido. 'Yan uwa na New Jersey da Connecticut, fom ɗinku daban ne, ku tsaya bayan taro mu duba naku.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.