Na cire igiyar intanet na koma waifai a gida, ga yadda ake yi wa laftof da destof

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kun ga wannan shuɗin kebul ɗin da ke hannuna? Mita 20 ne, shekara biyu ya yi yana ratsa tsakar gidanmu a Tudun Wada, daga falo har ɗakin zaure inda destof ɗina yake, wani wurin an kafe shi da ƙusa wani wurin ya zubo ƙasa, damina ta jiƙa shi rana ta gasa shi, har ranar da Hajiya ta harɗe da shi tana ɗauke da kwanon miya. Allah ya tsare ba ta faɗi ba, amma miya kam ta tafi. Ta ce min, "Kai, ko ka cire min igiyar nan yau, ko in sa a yanke ta a ɗaure itace da ita." Na ce Allah ya huci zuciyarki Hajiya, in sha Allahu ba za ta kwana ba.

Toh kafin ka fita sayen komai, ka gane waifai daban intanet daban. Intanet ɗin daga waje yake shigowa, ko ta layin MTN, Airtel ko Glo da ka saka a rauta, wato na'urar da ke watsa waifai a gida, ko ta faiba, wato igiyar intanet da kamfani ke jawowa har gida, in ta iso unguwarku, ko Starlink da ya shigo Najeriya a 2023. Shi waifai aikinsa kawai ya ɗauko abin daga rauta ya kai wa kwamfutarka ba tare da igiya ba. Kamar tanki ne da tiyo, in tankin babu ruwa ko ka sayo tiyo na zinare ba abin da zai ɗigo. Don haka in sabis ɗin unguwarku dama rarrafe yake, kar ka zagi rauta, ka fara gwada layukan a wayarka a cikin gidan, safe da dare, wanda ya fi ƙarfi shi za ka saka.

Laftof ba shi da wata matsala, da waifai ɗinsa ya zo. Ka duba can ƙasa ta hannun dama kusa da agogo, ka danna alamar, ka zaɓi sunan rautarka, ka sa faswod, shikenan. In ba ka ga komai ba yawanci alamar jirgin sama ce a kunne, wadda ke kashe waifai, ko yaro ya danna maɓallin da ke kashe shi a kibod.

Destof ne ke da labari. Galibin waɗanda muke saya na hannu, irin HP da Dell ɗin da ofisoshi suka gama da su, ba su da waifai a ciki. Hanya biyu ce. Ko ka sayi adafta ta USB, ƴar ƙarama kamar filash, ko a buɗe cikin kwamfutar a dasa katin waifai a ramin da ake kira PCIe, mai eriya biyu da ke leƙowa ta baya. Katin ya fi kama sigina, amma in ba ka taɓa kwance kwamfuta ba ka kai wa mai gyara. Ni adafta na saya, kuma ga kuskuren da na yi. Na soka ta a bayan sifiyu, wato akwatin destof ɗin, sifiyun yana ƙarƙashin tebur ya jingina da bango, wato ƙarfe a gabanta bulo a bayanta, sandar sigina ɗaya take nuna min wani lokacin ma ta ɓace. Har na fara cewa mai shago ya cuce ni. Ashe bawan Allah ba ruwansa, da na sa mata ƴar igiyar ƙarin tsawo ta USB na ɗora ta kan tebur, sanda uku ta cika. Wani abin kuma, wata adaftar sai an saukar mata da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, ga shi kwamfutar ba intanet, faifan da ke cikin kwalin kuma ba inda za ka saka shi. Ka jona wayarka da igiyar caji ka kunna tetarin na USB, wato wayar ta ara wa kwamfutar intanet ɗinta, ka sauke, an wuce wurin.

In za ka saya ka karanta jikin kwalin. Wadda aka rubuta 150Mbps kawai, tsohon yayi ce, Wi-Fi 4, fasahar 2009, kuma a cikin zangon da siginar waifai ke bi, na 2.4 kaɗai take kamawa. In ka ga AC to Wi-Fi 5 ce, in ka ga AX to Wi-Fi 6, waɗannan yawanci suna kama zango biyu, 2.4 da 5. Menene bambancin? 2.4 ya fi nisa ya fi ratsa bango, amma cunkoso gare shi kamar Kasuwar Bacci ana jajibirin sallah, rautar maƙwabta tana ciki, Bluetooth yana ciki, har na'urar ɗumama abinci in an kunna tana damunsa. Shi 5 hanya ce a buɗe, gudu sosai, sai dai ba ya son bango, ɗaki biyu ya tsallaka ya galabaita. Kuma don Allah, 5G da za ka gani a ƙarshen sunan waifai wani lokaci wannan zangon ake nufi, ba 5G na kamfanin waya ba, na ga wanda suka yi musu a majalisa har aka kusa ɓatawa.

Yawwa, yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa, wurin ajiye rauta. Wallahi na shiga gidaje a Kawo da Unguwan Rimi na ga rauta mai tsada an cusa ta bayan talabijin, wata a cikin durowa don kar yara su taɓa, wata uwargida ta lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, sannan a ce kayan ba shi da kyau. Gidajenmu bulo ne da siminti, in bene ne ga dekin cike da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga firji, ga madubin sif, ga durom ɗin ruwa a lungu, duk waɗannan shanye sigina suke. Ka ɗaga ta sama, kan sif ko ka kafa mata ɗan katako a bango sama da tsayin mutum, a fili, wajen tsakiyar gidan. In mai layi ce aiki biyu take yi, tana sauraron dogon ƙarfen sabis na waje tana kuma watsa wa cikin gida, don haka ka nemi tagar da ta fi kama sabis wadda kuma ba can ƙuryar gida take ba. Ni sai da na canza wuri huɗu, ina yawo da laftof a hannu ɗaki ɗaki kamar mai neman ɓataccen kuɗi, ƙarshe saman tagar falo mai kallon tsakar gida ta yi, bango ɗaya ne tsakaninta da zaure maimakon uku.

Sai maganar kulle. Ka juya rautar, a ƙasanta akwai takarda da adireshi, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Ka rubuta shi a burauza, ka shiga, abu na farko ka canza faswod ɗin shiga saitin, don da yawa admin ne sunan admin ne faswod, kowane yaro ya sani. Sannan na waifai ɗin kansa, a wajen nau'in kulle ka zaɓi WPA2, ko WPA3 da ya fito a 2018 in kayanka sun yarda da shi. In ka ga WEP ka guje shi, tuni aka fasa shi. WPS ma, wato hanyar haɗawa ba tare da rubuta faswod ba, kashe shi. Kuma kar ka sa lambar wayarka ko sunan ɗanka da shekarar haihuwa. Ka sani in ka ba mutum ɗaya ka ba unguwa, don wayar Android tana fitar da hoton QR da wani zai ɗauka ya shige ba sai ya tambaye ka ba. Mu sai da muka lura samari sun ƙaru a dakalin ƙofar gida bayan isha'i, kowa kai a sunkuye, data ta wata ta ƙare a kwana 9. Yanzu na buɗe wa baƙi nasu waifai ɗin mai suna daban, ina canza masa faswod in na ga dama.

Ɓarawon data na biyu a cikin gida yake, Windows. Da ya ga waifai sai ya ɗauka banza ta faɗi ya hau sabunta kansa. Ka shiga saitin waifai ɗin, ka kunna inda aka rubuta Metered connection, zai rage ci. In kuma ka gwada gudu ka ga 40Mbps amma fayil yana sauka da 5MB a daƙiƙa, ba cuta ba ce, raba shi da 8 ake yi.

Wuta kuwa, kun san halin da ake ciki. Yawancin rautoci bolt 12 suke ci, wasu 9, ka duba jikin cajar. Akwai ƙaramin batir da ake sayarwa don su, in an ɗauke wuta laftof da waya su ci gaba abinsu, shi destof dama sai inbata ko janareto.

In destof ɗinka yana gefen rauta, bar shi da guntun kebul ɗinsa, ya fi kowane waifai tsayawa. In kuma gidan babba ne mai sassa, kebul yana kai mita 100, sai a ja guda ɗaya ta saman silin a sa rauta ta biyu a ɗaya sashen, ya fi ƴan na'urorin ƙara sigina ɗin nan da ke rage gudu. Ta silin fa na ce, ba ta tsakar gida ba. Nawa tsohon kebul ɗin dai ga shi, yanzu zan mayar, Hajiya ta riga ta ɗaure shi tsakanin bishiyar darbejiya da tagar kicin, aro na yi don bidiyon nan kuma akwai wanki a bokiti yana jira.