Kwanakin da 'Ya'yanmu ke Yi a Legas da Takardar Zamansu a Waje

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata na Agege da kewaye, ina godiya da wannan dama.

Maganata ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke aiki a Ingila, waɗanda kamfanoninsu kan turo nan Legas su riƙe reshe ko su sa ido kan wata kwangila, da waɗanda kan zo da kansu duba harkar gida a kasuwar Mile 12 ko ta Alaba Rago. Mu a nan murna muke yi idan sun daɗe, alhali kuwa kwanakin da suke yi tare da mu ana lissafa musu su ranar da za su nemi izinin zaman dindindin.

Mai bizar ƙwararren ma'aikaci da ke son ya cike shekara 5 ya nemi wannan izini, sharaɗin da ke kansa shi ne kada kwanakinsa a wajen ƙasar su wuce 180 a cikin kowane wata 12. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne zaton cewa lissafin yana farawa a Janairu ya ƙare a Disamba. Ba haka ba ne, domin tun daga 2018 jami'in shige da fice yana iya ɗaukar kowane wata 12 a jere ya ƙirga. Wanda ya zo a Satumba ya yi kwana 100, ya koma, sannan aka sake turo shi a Fabrairu ya yi wasu 100, a ganinsa bai wuce iyaka ba a kowace shekara, amma a gaban hukuma kwana 200 ke nan cikin wata 12.

Kuma ina so a ji wannan da kyau: cewa kamfani ne ya aiko shi ba ya goge kwanakin. Uzurin da ake karɓa kaɗan ne, irin annoba da ta hana tafiya, ko ciwo mai barazana ga rai, ko rasuwar makusanci, kuma sai da takardar shaida. Idan lissafin ya karye, yaron zai iya komawa ƙidaya daga farko, ya sabunta biza, ya sake biyan kuɗin kiwon lafiya da ya kai fam 1,035 a shekara ga kowane babba a gidansa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga wanda ke ɗauke da dangi a gida.

Samun takardar ma bai rufe maganar ba. A Ingila tana lalacewa idan mutum ya shekara 2 a jere a waje. Kanada tana neman kwana 730 a cikin ƙasa a kowace shekara 5, ko da yake aikin da kamfanin Kanada ya tura mutum yana iya shiga lissafi bisa sharuɗɗa. A Amurka kuwa, mai irin wannan takarda da zai wuce shekara guda a waje sai ya nemi takardar izinin dawowa tun kafin ya fita.

Iyayenmu, ku yi mini afuwa, amma wani kaso na matsalar daga wajenmu yake. Yaro ya gama aikinsa zai koma, sai a ce ya tsaya bikin ƙanwarsa, bayan biki ya jira Sallah, bayan Sallah ya leƙa Kano gaisuwa, shi kuma kunya da biyayya su hana shi musu. Idan ya ce kwanakinsa sun kusa cika, a sallame shi da addu'a.

Roƙona shi ne kowane gida ya kira nasa a wannan makon. A tambaye shi ko yana rubuta ranar fita da ranar komawa, ko yana ajiye tikitocin jirgi, tunda Ingila ba ta buga hatimi a fasfo lokacin fita, kuma a gaya masa ya ga lauyan shige da fice mai rajista kafin ya amsa aikin da zai daɗe a nan, saboda dokokin suna canzawa. Na gode, wassalamu alaikum.