Jakar Barci da Sanyin Asuba

An yi wannan lacca a Bauchi, ga matasan da ke shirin kwana uku a dajin Yankari cikin watan Janairu. Mun rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Ƙannena, na ga jerin kayan da kuka rubuta: tocila, gidan sauro, garin kwaki, tanti. A wajen jakar barci kuwa, wato bargon nan mai zif da ake shiga ciki a kwanta, kowa ya sa “kowace iri”. A kan wannan nake son mu tsaya yau.

Da farko ku sani, jakar nan ba ta haifar da ɗumi. Jikinka ne murhu, ita kuma aikinta ta tsare iskar da jikinka ya ɗumama kada ta gudu. Shi ya sa kaurinta da laushinta suka fi launinta muhimmanci. In cikinta ya kwanta ya zama kamar fai-fai, to ta mutu, ko da bayanta na sheƙi.

Idan kuka je wajen ’yan gwanjo a kasuwar Wunti, za ku ga wasu jakunkunan an rubuta musu lokacin shekara 1, 2, 3 ko 4. Waɗannan lokutan na Turawa ne, na ƙasa irin Ingila. Ta 1 ta lokacin zafinsu ce, ta 3 tana kaiwa inda ruwa ke fara daskarewa, ta 4 ta ƙanƙara ce sosai. Ba a lissafa hunturunmu ko bazararmu a ciki ba, kuma kowane kamfani da yadda yake yanka nasa lokutan. Don haka ni ba na dogara da su. Lambar digiri nake nema.

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Akwai ma’auni na duniya, ISO 23537, wanda ya gaji na Turai a 2016. Mutum-mutumi suke ɗumamawa, su sa masa tufafi, su kwantar da shi a jakar bisa shimfiɗa cikin ɗaki mai sanyi, su auna ɗumin da ke zurarewa. Daga nan ake fitar da lambobi uku. Ta farko, sanyin da mace za ta yi barci cikinsa a sake. Ta biyu, iyakar da namiji zai jure in ya dunƙule jikinsa. Ta uku, mafi ƙasa, ba ta barci ba ce sam. Ma’anarta mutum zai iya kai awa 6 da rai, yana karkarwa, lafiyarsa cikin haɗari. Wallahi ita ce wadda mai sayarwa zai fara nuna maka, domin ita ke burge ido. Ta farkon za ku duba, musamman ku mata, da duk wanda ya san shi mai jin sanyi ne.

Wani abu ya taɓa faruwa a gabana wanda har yau yake damuna. Yaro ya zo da jaka an rubuta mata 50, wanda ya sayar masa ya ce ai babbar lamba, babban ɗumi. Ashe kayan Amurka ce, da ma’aunin Farenhait, kuma 50 ɗinsu digiri 10 ne a namu na Salshiyas. A lambar digiri, ƙaramar lamba ita ce mai ɗumi. Ku riƙe cewa 32 a nasu shi ne sifili a namu. A kan tsaunukan Jos muke, yaron nan bai runtsa ba, da asuba sai da muka lulluɓe shi da barguna biyu.

To mu da za mu Yankari fa? Da rana za ku yi gumi, za ku shiga ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31, ku ce ina sanyin yake. Ku jira ƙarfe huɗu na dare. Iskar hunturu busasshiya ce, sama ba gajimare, ƙasa na sakin zafinta da sauri, sai ka ga an sauko ƙasa da digiri 15. Jakar da lambarta ta farko take wajen 10 ta ishe ku. A watan Afrilu kuwa zanen gado da gidan sauro kawai, duk wanda ya shiga jaka mai kauri zai dafu.

Amma tsayin wuri na canza lissafi. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Bauchi tana wajen mita 600, dutsen Chappal Waddi a Taraba yana mita 2,419. Ku yi lissafin da kanku: fiye da digiri 10 ne tsakani. Jakar Yankari ba ta hawa can.

Wata ƙanwarmu ta ɗaga hannu: “Malam, wace ta fi, mai gashin tsuntsu ko mai audugar roba?”

Madalla da tambaya. Mai gashin agwagwa ta fi rashin nauyi, ta fi ɗumi, amma in ta jiƙe sai gashin ya cure, ɗumin ya tafi, ga wuyar bushewa. Mai audugar roba ta fi nauyi, ta fi araha, tana wankuwa, kuma ko da danshi tana ɗan riƙe ɗumi. Da ƙurarmu da daminarmu, ita nake ba ku shawara. In gwanjo ce, ku ɗaga ta ga hasken rana, duk inda haske ya ratsa sosai, nan sanyi zai shigo. Ku ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku kafin ku biya.

Kada ku kwanta a ƙasa tsurarta. Nauyin jiki na danne jakar ta ƙasa, ƙasa kuma ta sha ɗumin bayanka. Tabarma da ’yar katifar soso, sannan hula da safa busassu. Kuma ina roƙonku don Allah, komai sanyi, kada kowa ya shigar da kaskon gawayi cikin tanti. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Ranar Asabar kowa ya zo da tasa jakar, mu karanta lambobin tare kafin a loda mota.