Lacca: Abin da yaƙin 'yancin Amurka ya ci a cikin gidaje, 1775 zuwa 1783

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai, iyayenmu maza da mata, barkanmu da wannan zama.

In aka ambaci yaƙin neman 'yancin Amurka, ranar shelar 'yanci ta 4 ga Yuli 1776 da sunan babban kwamandan sojan Amurka George Washington ne ke fara zuwa a rai. Mu yau cikin gidaje za mu leƙa, domin a can aka biya mafi yawan kuɗin wannan 'yanci, kuma ba kowane gida ya biya daidai da na maƙwabcinsa ba.

Yankunan da suka yi wa Birtaniya bore 13 ne, mutanensu kimanin miliyan 2 da rabi, kusan 500,000 daga ciki bayi ne baƙar fata. Birtaniya ta fito daga yaƙinta da Faransa a 1763 da bashi har wuya, sai ta shiga ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. Aka yi ta jayayya har aka fara harbi a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu 1775. Sai a watan Satumba na 1783 aka sa hannu a kan sulhu a Faris.

Mafi yawan mutanen nan manoma ne, kuma ƙarfin gona shi ne maigida da samarinsa. Soja iri biyu aka yi. Akwai dakarun gari, waɗanda ake kira na 'yan makonni ko watanni, kuma kiran kan faɗo a tsakiyar shuka ko girbi. Akwai kuma rundunar dindindin ta Washington. A 1776 majalisar 'yan bore ta yi alkawarin dala 20 da fili eka 100 ga duk wanda ya shiga har ƙarshen yaƙi. Da masu sa kai suka yi ƙaranci aka koma ɗauka ta ƙuri'a, amma doka ta yarda wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya yi hayar wani ya tafi a madadinsa. Kun ga ke nan wanda zai tafi: ɗan talaka, yaron gida, ko baƙon da bai daɗe da sauka ba.

To, me iyalinsa za su ci? Albashin ƙaramin soja bai kai dala 7 a wata ba, kuma sau da yawa watanni kan wuce ba a biya ba. Babbar illar ma a jikin kuɗin take. Majalisar ba ta da ikon karɓar haraji, don haka sai ta yi ta buga takarda, har ta buga kimanin dala miliyan 241 ba tare da zinariya ko azurfa a bayanta ba. A watan Maris na 1780 ita da kanta ta ayyana cewa dala 40 ta takarda ita ce dala 1 ta azurfa. Kafin 1781 ta ƙare, 'yan kasuwa sun daina karɓa. Matar soja na riƙe da haƙƙin mijinta a hannu, amma ba zai sai mata garin mako guda ba.

Ku dubi gishiri kawai. A ƙasar da ƙanƙara ke rufe gona watanni, da gishiri ake adana nama da kifin da za a ci har sanyi ya wuce. Yawancinsa ta jirgin ruwa yake shigowa, jiragen yaƙin Birtaniya kuwa sun tare gaɓa. Gidan da bai samu gishiri ba a lokacin yanka, namansa ruɓewa zai yi. Wannan ƙunci ne ya fito da mata kan titi. A Yuli 1777 matan Boston suka yi gangami a rumbun wani attajiri da ya ɓoye kofi yana jiran farashi ya hau, suka ƙwace makullin daga hannunsa, suka kwashe kayan a amalanke. Wasu matan kuwa da zaman gida ya gagara sai suka bi runduna da 'ya'yansu, suna wanki da jinya domin a ba su rabon abinci.

Yanzu maganar mutuwa. Ƙiyasin da masana suka fi dogara da shi ya ce sojan Amurka kimanin 25,000 ne suka mutu, amma waɗanda suka faɗi a fagen daga ba su kai 7,000 ba. Sauran cuta ce da kurkuku. A sansanin Valley Forge, daga Disamba 1777 zuwa Yuni 1778, cikin mutum kimanin 12,000 kusan 2,000 suka rasu ba tare da an gwabza da kowa ba: atuni, ciwon huhu, da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. A gaɓar Brooklyn ta New York kuma Turawan Ingila suka mai da tsofaffin jiragen ruwa gidan yari, aka cusa mutane a ƙarƙashin bene babu iska babu ruwa mai kyau, fiye da 11,000 suka mutu a ciki. Iyalai da yawa ba wanda ya aiko musu da sanarwa. Mace ta zauna shekaru ba ta san ko takaba ta kama ta ba.

Cutar ba ta tsaya a sansani ba, soja mai dawowa gida yakan taho da ita. Agana ce aka fi tsoro, don a cikin mutum 10 da ta kama takan kashe kamar 3. Rigakafin zamanin shi ne a tsaga fatar hannu kaɗan, a ɗauko zare da aka jiƙa da ruwan ƙurjin mai ciwon, a sa a cikin tsagar, a ɗaure. Mutum zai kamu, amma da sauƙi, mutuwa ta ragu zuwa 1 ko 2 cikin 100. Inda ake kuskure shi ne killacewa: wanda aka yi wa yana iya harbin wasu da cikakkiyar cutar, don haka dole ya keɓe kamar wata guda, abin da talaka mai neman na yau ba zai iya ba. Abigail Adams, matar John Adams ɗaya daga cikin jagororin 'yan bore, ta kai kanta da 'ya'yanta 4 aka yi musu a Boston a Yuli 1776, mijinta na Filadelfiya wajen aikin majalisa. A 1775 atuni ya ɗauke mahaifiyarta, a 1777 kuma ta haifi 'ya babu rai, shi dai yana can. Wannan fa gidan masu hali ne.

Abin da ya fi ciwo a nawa ganin shi ne tsagewar gida daga ciki, domin kamar 1 cikin 5 na fararen fata suna bayan Sarkin Ingila. Benjamin Franklin na cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yanci, ɗansa William kuwa shi ne gwamnan sarki a New Jersey, ya ƙi sauya sheƙa. Aka kama shi a 1776 aka tsare a Connecticut. Matarsa Elizabeth ta kwanta ciwo a New York, ya roƙi a bar shi ya je ya gan ta, majalisa ta hana, ta rasu a 1777. Uba da ɗa sau ɗaya suka sake haɗuwa, a Southampton a 1785, kuma wasiyyar uban kusan ba ta bar masa komai ba.

Matan aure kuwa doka ce ta ci su. A dokar Ingila da ake bi a lokacin, dukiyar mace takan shiga hannun mijinta da zarar an ɗaura aure. Joseph Galloway ya goyi bayan sarki, ya bar Filadelfiya a 1778 tare da 'yarsu. Matarsa Grace ta tsaya don ta tsare filayen da ta gada daga mahaifinta. Hukumar Pennsylvania ta ce kayan maci amana ne, aka fitar da ita daga gidanta da ƙarfi a watan Agusta na shekarar. Ta rasu a 1782 ba ta ƙara ganin 'yarta ba. Laifin na miji ne, gadon nata ne, amma ita aka kora. Da yaƙi ya ƙare, magoya bayan sarki kimanin 60,000 suka yi hijira, fiye da rabinsu zuwa Nova Scotia a Kanada.

Ga bayi lissafin daban ne. A Nuwamba 1775 gwamnan sarki a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan bore da ya gudo ya taimaki rundunar sarki. Dubbai suka gudu, wasu da goyo, wasu kuma dole suka bar mata da 'ya'ya a gonar ubangida, kuma agana ta kashe da yawa a sansanoni. A 1783 aka rubuta sunayen kimanin 3,000 aka kwashe su daga New York zuwa Nova Scotia. Filin da aka yi musu alkawari ya zo a makare, ko ya zo duwatsu. A 1792 kusan 1,200 suka hau jirgi daga Halifax zuwa Saliyo, su ne suka kafa birnin Freetown. Cikinsu akwai Harry Washington, wanda ya tsere daga gonar George Washington kansa.

'Yan asalin ƙasar ma gidansu ya rabu. Cikin ƙabilun Iroquois 6, Oneida da Tuscarora suka bi 'yan bore, sauran suka fi karkata ga sarki, 'yan'uwa suka kashe juna a Oriskany a 1777. A 1779 Janar John Sullivan na rundunar 'yan bore ya ƙone garuruwan waɗanda suka karkata ga sarki kimanin 40, ya sare itatuwan marmari, ya lalata masarar da ta kai kusan tan 4,000 ana gab da sanyi. Dubban mata da yara suka gudu zuwa sansanin Niagara, inda yunwa da sanyi suka kashe da dama.

Sojan da ya tsira fa? An sallame shi da takardar bashi maimakon kuɗi. Gida na jiran abinci, sai ya sayar da ita ga 'yan kasuwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1790 gwamnati ta yanke shawarar biyan takardun a cikakkiyar ƙimarsu, amma ga wanda ke riƙe da su a lokacin, wato masu sayen. Kafin nan, a 1786, haraji da bashi sun sa kotuna na ƙwace gonaki a yammacin Massachusetts, har manoma suka ɗauki makami, cikin jagororinsu akwai tsohon kyaftin Daniel Shays. Matan hafsoshi da suka rasa maza an yi musu alkawarin rabin albashi na shekara 7 tun 1780. Fanshon tsofaffin soja mabuƙata sai 1818 ya zo. Dokar da ta ba matan ƙananan soja fansho kuwa sai 1836 aka yi ta, shekara 53 bayan sulhu, kuma sai wadda ta iya kawo shaidar cewa an ɗaura aurenta kafin mijin ya bar aikin soja.

Wassalamu alaikum.